Ɗorawa da Saukewa: Ina Kayan Suke Tafiya a Intanet?

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce na yi asarar hira ta awa ɗaya da rabi, kuma ba abin da ya jawo mini sai rashin sanin bambancin kalmomi biyu. Ga ɗalibin harshe wannan abin kunya ne. Amma da yake na lura da yawa daga cikin 'yan ajinmu suna bin hanyar da na bi, na ga ya fi kyau in tona asirin kaina a wannan mujalla tamu, ko wani ya tsira.

Aikin bincikena na kammala digiri a kan kalmomin cinikin goro ne. Saboda haka na tafi unguwar Sabo ta Shagamu a jihar Ogun, inda Hausawa suka daɗe suna sayen goro, suna ɗaure shi a huhu, ana kai shi Arewa. A can aka haɗa ni da wani dattijo da ya shekara fiye da arba'in a wannan sana'a. Ni dai ba a nono na sha Hausa ba, a kasuwa na fara tsintar ta kafin in zo jami'a, don haka rabin hirar gyaran bakina ya yi ta yi yana dariya. Sauran rabin kuwa zinariya ce. Ya bayyana mini goriya da marsa da minu, da abin da ake kira daushe, da yadda ake gane goron da zai jure tafiya. Duk na naɗi muryarsa a wayata.

Da na fito, sai na buɗe manhajar da nake ajiya a cikinta a intanet, na zaɓi fayil ɗin, na danna. Na ga sunansa ya bayyana a jerin kayana, da wata 'yar alama tana juyawa a gefensa. Na ce shi ke nan, ya shiga. Bayan kwana uku aka zare mini wayar a cikin mota. Da na ari kwamfutar abokina na shiga ma'ajiyar tawa, sai na tarar babu komai. Ashe ni da kaina na taɓa saita manhajar a kan kada ta aika da babban fayil sai an sami Wi-Fi, don tsimin data, na kuma manta. Fayil ɗin bai taɓa barin wayar ba.

Mene ne ɗorawa, mene ne saukewa?

Fayil shi ne duk wani abu da aka adana a na'ura da sunansa, ko rubutu ne, ko hoto, ko murya, ko bidiyo. Intanet kuma ba wani abu ba ne illa ɗimbin kwamfutoci da aka haɗa su suna musayar irin waɗannan abubuwa. A cikinsu akwai manya waɗanda ba a kashe su dare da rana, aikinsu shi ne su karɓi kaya su ajiye, su kuma miƙa wa duk wanda ya nema yana da izini. Irin wannan kwamfuta ita ake kira saba, wasu masu fassara kuma suna ce mata uwar garke.

To, idan fayil ya tashi daga na'urarka ya tafi wurin saba, ka ɗora ke nan, wato abin da muke ce wa "aflodin" a bakin titi. Idan kuwa ya taso daga saba ya zo na'urarka, ka sauke, wato "dawunlodin". Sa hotonka a Facebook ɗorawa ce. Liƙa aikin jinga a imel ka aika wa malami ɗorawa ce. Samo littafi ko waƙa ko takardar shaidar biyan kuɗin makaranta daga shafin jami'a zuwa wayarka saukewa ce. Bambancin duka yana ga alƙiblar da kayan suka fuskanta, daga wurinka ko zuwa wurinka.

Abin ba sabo ba ne. Tun a 1971 wani ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka mai suna Abhay Bhushan ya rubuta ƙa'idar farko ta aika fayil tsakanin kwamfutoci, wadda aka sani da FTP, shekara biyu kacal bayan an fara haɗa kwamfutocin ARPANET a 1969. Shafukan yanar gizo da muka saba da su ba su zo ba sai wajen 1991, bayan aikin Tim Berners-Lee.

Sai dai kada kalmar ɗorawa ta sa mai karatu ya ɗaga kai sama. Masu zanen tsarin kwamfuta sun saba sa saba a saman takarda, masu amfani da ita a ƙasa. Yanzu ma har cewa ake yi an ajiye abu a "gajimare". Ba gajimare ko ɗaya. Gine-gine ne cike da kwamfutoci da na'urorin sanyaya ɗaki. Sau da yawa ma abin da ka ɗora daga Nijeriya ƙasa yake yi, domin ta igiyoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku yake bi. Igiyar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, ta haɗa Legas da Fotugal, tsawonta kusan kilomita 7,000. A shekarar ce kuma Glo-1 ta haɗa Legas da Ingila, sannan Equiano ta kamfanin Google ta iso Legas a 2022. Wanda ya tuna ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da igiyoyi huɗu suka lalace a gaɓar tekun Kodebuwa, harkar bankuna da ta intanet suka rikice a ƙasashen Afirka ta Yamma, ya san cewa kayanmu ba a sama suke rataye ba.

Tura da turo

A nan ne na ga Hausa ta fi ƙarfin matsalar, har na ji haushin kaina da ban gane tun farko ba. Duk wanda ya yi darasin nahawu ya san rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatau na Hausa zuwa aji bakwai a 1960. Aji na shida, mai ƙarewa da wasalin -o, shi ne yake nuna cewa aikin ya nufo wurin mai magana. Ka tura, an turo maka. Ka aika, an aiko maka. Ka fita, ka fito. Ka sauka, ka sauko. Mu da muka koyi Hausa da girmanmu mun san irin wahalar da wannan ɗan wasali ya ba mu. Na sha cewa "zan turo masa" alhali mutumin yana can nesa da ni, ana yi mini dariya.

Wannan bambanci shi ne dai bambancin ɗorawa da saukewa, ba ƙari ba ragi. Kuma kamar yadda tura da turo suka dogara ga inda mai magana yake tsaye, haka su ma. Idan na aika wa ƙawata hoto, tafiyar hoton guda biyu ce. Daga wayata zuwa saba, ni na ɗora. Daga saba zuwa wayarta, ita ta sauke. Hoto ɗaya ne, amma ni a wurina ya tafi, ita a wurinta ya zo.

WhatsApp yana nuna wannan a fili, ga wanda ya san karatun alamominsa. Ɗan agogon da yake fitowa a gefen saƙo yana nufin saƙon yana nan a wayarka, bai tashi ba. Alamar maki ɗaya tana nufin ya isa saba, wato ɗorawarka ta kammala. Maki biyu yana nufin ya isa wayar wanda ka aika wa. Idan suka koma shuɗi, ya buɗe. Tsakanin maki ɗaya da maki biyu ba ruwanka, aikinka ya ƙare, saura nasa. Idan kuwa babban fayil ne, ko an nuna maki biyu yana iya zama sai ya danna da hannunsa kafin ainihin fayil ɗin ya sauko masa. Kuma saƙon da bai isa wurin mai shi ba har kwana 30, ana share shi daga saba. 'Yar alamar nan mai juyawa da na gani a Shagamu, ƙanwar wannan agogo ce. Cewa take yi mini "ina jira", ni kuma na karanta "na isa".

Inda kwatancen kaya ya karye

Kalmomin ɗorawa da saukewa da lodi duk daga wurin 'yan dako da tasha muka aro su, kuma aron ya yi kyau, sai dai a wuri ɗaya. Idan aka yi lodin huhun goro a Shagamu aka sauke shi a kasuwar Mariri ta Kano, to Shagamu ta rabu da shi ke nan. Huhu ɗaya ba ya zama a gari biyu. Fayil kuwa ba haka yake ba. Idan ka ɗora shi, kwafinsa ne yake tafiya, na asali yana nan a wayarka. Idan ka sauke, kwafi ne ya zo maka, na saba yana nan daram, mutum miliyan za su iya sauke shi bai ragu da komai ba. Ya fi kama da ɗibar wuta a murhun maƙwabta. Kin kunna naki, nasu bai mutu ba.

Daga wannan ne haɗarin kowannensu yake fitowa, kuma haɗarin ba iri ɗaya ba ne. Mai saukewa baƙo yake shigarwa gida, don haka abin da zai ji tsoro shi ne abin da baƙon ya ƙunso, kamar manhajar ɓarna da aka ɓoye a cikin fim ko littafin kyauta, wadda za ta iya sace lambobin sirrinsa. Mai ɗorawa kuwa nasa yake fitarwa waje, kuma magana zarar bunu ce. Kana iya share hoton da ka sa a shafinka, amma ba ka da iko da kwafin da wasu suka riga suka sauke. Wannan ya shafe mu ƙwarai mu masu zuwa ɗaukar muryar mutane. Dattijon da ya yarda ka naɗi maganarsa don aikin makaranta bai ce ka baza ta a YouTube ba. Ajiye ta a ma'ajiyarka ta sirri daban, ɗora ta inda duniya za ta ji daban, kuma na biyun sai da izininsa.

Akwai wani tarko kuma. Wasu manhajojin ba ajiya kawai suke yi ba, daidaita wayarka da saba suke yi, ta yadda abin da ke nan shi ne ke can. A irin wannan tsari, idan ka share hoto a waya don ka sami wuri, ana iya share shi a can ma. A duba saitin kafin a yi shara.

Me ya sa ɗorawa ta fi nawa?

Kowa ya lura cewa bidiyon da ya sauko cikin ƙiftawar ido, idan aka zo tura shi sai a yi ta jira. Ba mugunta ba ce, haka aka gina hanyar. Yawancin mutane abin da suke saukewa ya ninka abin da suke ɗorawa sau da yawa, shi ya sa kamfanonin sadarwa suke ware kaso mafi girma na hanyar ga kayan da suke saukowa. Kamar titi ne mai layi huɗu na shigowa gari da layi ɗaya na fita. Ga kuma bambancin ƙarfi. Wayar hannu ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya wajen aika saƙonta, alhali eriyar da ke kan dogon ƙarfen kamfani tana aiki da wat ashirin ko fiye. Mai shela da lasifika kowa yana jin sa, amma wanda yake amsa masa da fatar baki daga ƙarshen unguwa sai ya yi da gaske. Don haka a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, ɗorawa ce take fara durƙushewa.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin akwai wata rikitarwa a nan da take cin mutane. Ana auna girman fayil da bayit, amma ana auna gudun intanet da bit, kuma bit takwas ne suke yin bayit ɗaya. Murya da aka naɗa a kan kilobit 128 a daƙiƙa tana cin kusan megabayit ɗaya a minti. Hirata ta minti 90 ta kama wajen megabayit 86 ke nan, wato megabit 688. A ce layina yana saukewa da gudun megabit 20 a daƙiƙa, yana ɗorawa da megabit 2. Sauke wannan fayil zai ɗauki kusan daƙiƙa 35, ɗora shi kuwa kusan minti shida. Minti shida! Abin da ya raba ni da hirar ke nan, da na canza saitin na tsaya na jira.

Shi fayil ba a dunƙule yake tafiya ba. Ana yayyanka shi ƙanana-ƙanana, kowane ƙunshi bai cika wuce bayit 1,500 ba, a sa wa kowanne lamba da adireshi. Hirata da ta tafi, da ta kasu kusan ƙunshi dubu sittin. Mai karɓa yana harhaɗa su bisa lamba, yana kuma aiko da amsa cewa kaza da kaza sun iso, wanda ya ɓata a hanya a sake turo shi. Wannan yana nufin babu saukewa zalla, babu ɗorawa zalla. Ko shafi ka buɗe, sai da wayarka ta fara aika 'yar buƙata kafin a turo maka shi. Kallon bidiyo kai tsaye ma saukewa ce, sai dai ana zubar da abin da ka riga ka kalla maimakon a adana shi. Kiran bidiyo kuwa duka biyun ne a lokaci guda, hotonka yana tafiya, na abokin maganarka yana zuwa. Datarka kuma ba ta san alƙibla ba, ko kaya sun fita ko sun shigo ana cire maka.

Wani abu da ya kamata mai bincike ya sani shi ne, manhajojin hira sukan matse hoto da bidiyo kafin su ɗora, don su yi sauƙin tafiya. Idan ka ɗauki hoton tsohon rubutun ajami ka tura shi a matsayin hoto, wanda ya sauke zai iya tarar da ɗigo da wasulla sun dusashe. Tura shi a matsayin takarda, zai isa yadda yake. Kowace hanya kuma da iyakarta. Gmail, alal misali, ba ya ɗaukar abin liƙawa da ya wuce megabayit 25, WhatsApp kuwa tun 2022 yana karɓar fayil har gigabayit 2.

Wace kalma za mu riƙe?

Idan ka duba manhajojin da aka fassara zuwa Hausa da rubuce-rubucen intanet, za ka ci karo da kalmomi huɗu: loda, ɗora, sauke da zazzage. Ga ra'ayina a kansu, kuma ina maraba da wanda zai ƙalubalance ni a fitowa ta gaba.

Loda ba ta yi mini ba. Kalma ce da ta zauna daram a Hausa, ba wanda zai ce wa lodi baƙo a tasha, amma ba ta nuna alƙibla. Na ji mai cewa ya loda hotonsa a Facebook, na kuma ji mai cewa ya je an loda masa finafinai a waya, wanda shi akasin na farko ne. Shafi ma idan yana jan ƙafa wajen buɗewa cewa ake yi yana lodi. Kalmar da take aiki uku ba za ta raba mana biyu ba.

Zazzage kuwa ta yaɗu sosai, amma duk wanda ya ga an zazzage buhu ya san buhun wayam yake komawa. Ita ce ta fi kowacce ƙarfafa kuskuren nan na cewa kayan sun bar inda suke. Sauke ma tana da ɗan wannan laifi, tunda wanda aka sauke wa kaya kansa ya huta, amma nata da sauƙi, kuma tana da abokiyar tafiya da kowa ya sani. Bahaushe ya san abin da aka ɗora shi ake saukewa, ko tukunya ce a murhu ko kaya a kan jaki. Saboda haka ni ɗora da sauke na zaɓa. Inda ake son a fito da alƙiblar sosai, sai a koma ga aji na shida a ce "sauko da shi", domin wasalin ƙarshen ya riga ya faɗi wurin wanda kayan suka nufa. Wani malaminmu da na kai wa wannan magana ya saurare ni har na gama, sannan ya ce kalma ba ta zama sai masu harshe sun karɓe ta, kuma 'yan kasuwar waya ba su jira kwamitinmu ba. Gaskiyarsa, amma dai mu ne za mu rubuta littattafan makaranta.

Komawa Shagamu

Bayan mako biyar na sake tara kuɗin mota na koma. Na sami dattijon a rumfarsa, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, maganar nan da muka yi ta ɓata, an sace wayar."

Ya ce, "Ashsha! To ba ka ce mini ka aika da ita sama ba?"

Na ce, "Na ɗauka ta tafi, Baba, ashe tana tasha ba a yi lodi ba."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗana, mu nan ba ma cewa kaya sun tafi sai yaronmu na Kano ya bugo waya ya ce ya ƙirga huhu."

Ya sake ba ni lokaci, Allah ya saka masa da alheri, amma ranar ana lodi, hankalinsa yana kan motar. Hirar ba ta wuce minti 40 ba, kuma labarin da ya ba ni a karon farko, na yadda mahaifinsa yake kai goro Arewa ta jirgin ƙasa, bai sake fitowa ba, ni ma ban iya jawo shi ba. Da muka gama ban motsa daga bencin ba. Na canza saitin, na ɗora fayil ɗin da datata, na zuba wa alamar ido har ta daina juyawa. Sannan na kira abokina a makaranta na ce ya shiga ta kwamfutarsa ya sauko da shi, ya saurari farkonsa da ƙarshensa. Sai da ya ce mini ya ji muryar Baba yana sallama, sannan na tashi na nufi tasha.